Shagonka na intanet yana yauƙi? Kafin ka zagi netwok, duba kayan da ka loda masa

Ari wayar ƙaninka, ko ta maƙwabcinka, wadda ba a taɓa buɗe shagonka a cikinta ba. Taka ba za ta faɗa maka gaskiya ba, domin ta riga ta haddace hotunan. Ka kunna data, ka danna linkin nan da ka liƙa a saman shafinka na Instagram, wanda kake turawa a sitatus ɗin WhatsApp kullum da safe, sannan ka fara ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Idan ka kai goma allon yana nan fari fat, ko rubutu ya fito amma hotunan kaya suna saukowa kaɗan-kaɗan kamar ana sauke labule, to da kai nake. Ke ma mai turaren wuta da humra, kada ki wuce, har da ke.

A nan Utai kuɓewa ba baƙuwarmu ba ce, mun san yauƙi, mun kuma san inda yake da daɗi: a cikin kwano, kusa da tuwo. A shagon intanet kuwa asara ce zalla. A 2016 kamfanin Google ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Uku fa. Za ka ce ai mutanenmu sun fi haka haƙuri, netwok ya koya mana jira, kuma na yarda. Sai dai mai jiran nan da kuɗinsa yake jira. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ya sayi datar naira ɗari biyu ya shigo ganin hular da ka tallata, ya ga wayarsa tana juyi, datarsa tana tafiya, ba zai turo maka saƙon ƙorafi ba. Fita kawai zai yi ya tafi wurin wani, kai kuma kana nan kana cewa kasuwa ta yi sanyi.

Ban ga laifin wanda ya buɗe shafinsa na kansa ba, dabara ce mai kyau. Kowa ya tuna ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, da kuma watanni bakwai da Twitter ya yi a rufe a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wanda duk kasuwarsa ke cikin rumfar wani, ranar da aka rufe rumfar sai zaman jugum. Shi ya sa matasa masu sayar da hular hannu, babbar riga mai aiki, atamfar Kantin Kwari, yaji da busasshiyar kuɓewa suke haɗa ɗan kuɗi su ba wani ɗalibin kwamfuta ya gina musu shago. Yawanci da WordPress ake ginawa, a ɗora masa WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafi kanti, a haɗa da Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi. Sai a kama masa masauki mafi araha. Daga nan labarin yake farawa.

Gidan haya ka kama, ba kai kaɗai ba ne a ciki

Shafinka yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda ake kira uwar-garke. Kuɗin da kake biya duk shekara hayar wuri ne a cikinta. A tsari mafi araha, wanda kusan kowa ke farawa da shi, kamfanin yana zuba ɗaruruwan shafuka a uwar-garke ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a gidajen hayar ɗalibai da ke kewayen Jami'ar Aliko Dangote a Wudil ya san tsarin: ɗakinka naka ne, makullinka a aljihunka, amma rijiya ɗaya ce, banɗaki na kowa ne, mitar wuta ma ɗaya. Da safe kowa yana sauri, sai layi.

Abin da ake rabawa a uwar-garke shi ne ƙarfin ƙwaƙwalwarta, da ma'ajiyarta ta aiki, da saurin karanta fayil. Domin kada ɗan haya ɗaya ya cinye na kowa, kamfanoni da yawa suna amfani da wani tsari mai suna CloudLinux, wanda ke yanka wa kowane shafi iyakarsa. Ka kai iyakar, sai a rage maka gudu, ko a nuna wa mai saye lamba 508 da saƙon cewa ka ƙure rabonka. Kalmar nan ta "babu iyaka" da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a tallar masauki, galibi wurin ajiya da yawan zirga-zirga take nufi. Ƙarfin aiki yana da iyaka, kuma a ƙananan rubutun da ba ma karantawa aka rubuta ta.

Shago kuma ya fi shafin labarai nauyi nesa ba kusa ba. Duk lokacin da mutum ya danna wani kaya, uwar-garke sai ta tashi manhajar, ta shiga rumbun bayanai ta tambayo farashi, ta duba saura nawa, ta duba ko akwai ragi, ta duba abin da ke kwandon mai saye, sannan ta ɗinka shafin ta aiko. Mutum ɗaya ba matsala. Ka biya wata mai mabiya da yawa a TikTok ta yi maka talla, mutum hamsin suka danno a minti ɗaya, sai ka ga abin da ke faruwa a gadar Wudil ranar Juma'a idan kasuwar shanu ta cika. Kuɗin tallar ya tafi, kuma a daidai lokacin da masu saye suka zo ƙofar ta cushe.

To wa ke da laifi, kai ko mai gida?

Akwai hanyar ganewa tun kafin ka kira kowa. Lura da yadda yauƙin yake. Idan allo ya daɗe fari babu komai, sannan komai ya faɗo kusan lokaci guda, uwar-garke ce take jan ƙafa wajen haɗa shafin. Idan kuwa suna da rubutu sun fito da wuri, hotuna ne ke rarrafe, to kayan da ka loda ne suka yi nauyi. Ciwo biyu ne, maganinsu daban, kuma mutane da yawa suna sayen maganin na farko alhali na biyun ke damunsu.

Sai ka shiga PageSpeed Insights, kayan awo na Google, kyauta ne. Ka liƙa linkin shagonka, ka duba sakamakon ɓangaren waya, kada ka ruɗu da na kwamfuta. Yana gwada shafin ne kamar ana buɗe shi a matsakaiciyar waya da netwok mai rauni, wato dai halin yawancin masu sayenka da ke riƙe da itel ko Tecno ɗin da suka sayo a Farm Centre. A ma'aunin Google, babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, idan ya wuce 4 ya faɗi. Kada makin nan mai launin ja ya tayar maka da hankali, gangara ƙasa ka ga abin da ya ce ya fi cin lokaci. Sannan ka shiga cPanel, ɗakin sarrafa masaukinka, ka nemi wurin da aka rubuta Resource Usage. Idan akwai shi, zai nuna maka sau nawa ka bugi iyaka a kwanakin nan, da kuma ƙarfe nawa. Idan wanda ya gina maka shagon bai ba ka kalmar sirrin shiga wurin ba, wannan ma wata magana ce, ka karɓa yau. Shagon naka ne.

Hotuna, hotuna, hotuna

Nan zan daɗe, domin a shagunan abokai da na leƙa, nan ne ɓarnar ta fi yawa. Ka ɗauki hoton hula da kyamarar wayarka, ya fito tas, har zaren ana gani. Irin wannan hoto yakan kai megabait 3 zuwa 5. Ka ɗora shi yadda yake. Ka yi haka sau ashirin a shafin farko. Mu yi lissafin 'yan firamare: hoto 20 sau megabait 4, megabait 80 ke nan. A netwok mai gudun megabit 5 a daƙiƙa, wanda a ƙauye sai a ce an gode Allah, saukar da wannan zai ci fiye da minti biyu. Ka rage kowane hoto ya koma kilobait 150, duka ashirin ɗin sun zama megabait 3, daƙiƙa biyar sun isa. Hula ɗaya ce, kyanta bai ragu a idon mai kallo ta waya ba.

Wani zai ce ai WordPress yana rage hoto da kansa. Haka ne, yana yin ƙananan kwafi, kuma tun 2019 yana rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560. Amma 2560 ɗin ma ya yi wa allon waya yawa, sannan akwai rigunan shafi da dama, musamman masu babban hoton nan da ke zamewa a sama, da ke ɗauko babban su bar ƙananan. Abin da ya fi shi ne ka rage tun kafin ka ɗora. Faɗin fiksel 1000 zuwa 1200 ya wadatar wa hoton kaya. Akwai Squoosh da TinyPNG, duka ana amfani da su a burauzar waya ba tare da biyan ko sisi ba. Ka mayar da hoton nau'in WebP, wanda Google ya ƙirƙiro a 2010, WordPress kuma ya fara karɓarsa kai-tsaye a 2021. Ga waɗanda ka riga ka ɗora, akwai ƙananan manhajoji da ke bi su matse su gaba ɗaya, sai dai ka yi aikin da tsakar dare, don shi ma yana cin rabonka.

Mu da ke karatun aikin jarida ana yawan nanata mana cewa hoto ɗaya mai magana ya fi goma masu surutu. A shago ma haka. Mai sayen babbar riga yana son ganin gaba, baya, da aikin wuya a kusa. Hoto uku ke nan, ba sha biyu ba. Bidiyo kuwa, don Allah kada ki ɗora shi a masaukin haya. Ki sa shi a YouTube ko Instagram ki kawo linkin. Kuma shafin farko ba sito ba ne: kaya takwas ko goma sha biyu da suka fi tafiya sun isa, sauran a same su a ciki.

Kwalliyar da ke cin rabonka

Abu na biyu shi ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa WordPress, waɗanda ake kira fulogin. Wannan na furanni masu faɗowa ranar Sallah, wancan na agogon da ke ƙirga saura minti nawa ragi ya ƙare, ga na akwatin hira, ga na saƙon ƙarya da ke fitowa a gefe wai "wani daga Abuja ya sayi wannan yanzu". Kowane ɗaya yana da fayilolin da wayar mai saye za ta sauke, wasu kuma suna aika uwar-garke rumbun bayanai a duk dannawa. Yawansu ba shi ne kaɗai abin dubawa ba, guda ɗaya marar kyau ya isa ya durƙusar da shago. Hanyar kama ɓarawon mai sauƙi ce: ka adana kwafin shagon tukuna, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya, kana awo bayan kowanne. Akwai kuma Query Monitor, wanda ke nuna wace manhaja ce ta fi cin lokaci. Ka gama da shi ka cire shi. Wanda ba ka amfani da shi, goge shi, kada ka bar shi a kashe yana tara ƙura.

A nan sai na yi magana da 'yan'uwana masu gina wa mutane shafuka. Rigar shafi ko fulogin na kuɗi da aka fasa aka raba kyauta a guruf ɗin Telegram, wallahi ba kyauta ba ce. Sau da yawa an cusa mata wata ɓoyayyiyar manhaja da za ta riƙa aika saƙonnin banza ko ta buɗe wa wani ƙofar baya, duk a cikin rabon wanda ya ba ka aiki. Shago ya yi nauyi, a rasa dalili. Kuma shagon nan yana ɗauke da sunaye da lambobin waya da adireshin mutane, ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Storefront, rigar da masu WooCommerce suka yi da kansu, kyauta ce ta halal kuma ba ta da nauyi. Ba ta da ƙyale-ƙyale, amma ai kaya aka zo gani.

Sai maganar ajiyar wucin-gadi, wadda masu harkar ke kira kash. Dubi mai ƙosai a bakin tasha. Idan sai ka zo za ta fara markaɗa wake, mota za ta tafi ta bar ka. Tana soyawa ne ta tara a kwano, ka miƙa kuɗi ta zuba maka. Aikin kash ke nan: a haɗa shafin sau ɗaya a ajiye, duk wanda ya zo a miƙa masa, ba sai an koma rumbun bayanai ba. A gidan haya babu abin da ya kai wannan sauƙaƙa wa uwar-garke. Tambayi kamfanin masaukinka ko LiteSpeed suke amfani da shi. Idan eh, sa LiteSpeed Cache. Idan a'a, WP Super Cache ya isa. Guda ɗaya tak, biyu faɗa suke yi. Sai dai a kula, shafin kwando da na biyan kuɗi da na asusun mai saye ba a ajiye su, domin na kowa daban ne. In aka yi kuskure a nan, wata za ta buɗe kwandonta ta tarar da kayan wata. Manhajojin sukan ware waɗannan shafuka da kansu, amma ka gwada da wayoyi biyu ka tabbatar.

Akwai wasu ƙananan gyare-gyare na minti goma. A cPanel ka duba wane PHP shagon ke kai, wato harshen da aka rubuta WordPress da shi. An daina kula da na 7.4 tun Nuwamban 2022, in kana kansa ka koma na 8, bayan ka adana kwafi. Ka sabunta WooCommerce: tun 2023 suka daina sa kwando yana tambayar uwar-garke a kowane shafi ba gaira ba dalili, suka kuma kawo sabon tsarin adana oda mai sauri, wanda tsofaffin shaguna sai sun kunna da hannu.

Tsakanin Utai da uwar-garke

Ko ka san a wace ƙasa shagonka yake kwana? Kamfanoni da yawa, har da waɗanda ake biya da naira, uwar-garkensu tana Amurka ko Turai. Idan wata a Darki ta danna linkinka, saƙon zai bi ta eriyar kamfanin waya, ya gangara Legas, ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 ko Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022, ya je ya dawo. Kowace tafiya ɗan ƙanƙanin lokaci ce, ƙasa da ƙiftawar ido, amma shafi ɗaya yana iya buƙatar fayil sittin ko ɗari. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasu daga cikin wayoyin nan suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kowa ya ɗanɗana, har manhajojin banki sai da suka yi ta tangal-tangal.

Nisa ba ka da iko da shi, amma kana iya rage yawan tafiyar. Cloudflare yana da tsarin kyauta da ke ajiye kwafin hotunanka da sauran fayiloli marasa canzawa a cibiyoyinsa na ƙasashe daban-daban, kuma yana da cibiya a Legas. Yana kuma tare wasu daga cikin na'urorin da ke yawo a intanet suna gwada kalmar sirri a ƙofar shafuka, waɗanda su ma rabonka suke ci. Haɗa shi yana buƙatar taɓa saitin sunan shafinka, saboda haka in ba ka saba ba, ka zauna da wanda ya iya, kuna kallon allo tare.

Yaushe za a tashi daga gidan haya?

Idan ka matse hotuna, ka rage kwalliya, ka sa kash, amma Resource Usage yana nuna kana bugun iyaka kullum, ko shafin biyan kuɗi yana ɗaukar daƙiƙa bakwai, takwas, to ka girmi ɗakin, kuma abin farin ciki ne, alamar ciniki ce. Mataki na gaba shi ne babban tsari a kamfani ɗaya, ko abin da ake kira VPS, inda ake yanka maka rabonka kai kaɗai. Sai dai VPS kamar gidan kanka ne, in famfo ya fashe babu mai gidan da za ka kira, sai in ka biya wanda ake kula maka da shi. Kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, duk abin da ake biya da dala sai an yi lissafi sau biyu. Ka duba kuɗin sabuntawa, ba na shekarar farko kaɗai ba, don sau da yawa na farkon tarko ne.

Zan faɗi abin da masu gina shafuka ba za su so ba. Idan kayanki ba su wuce kala goma sha biyar ba, kuma duk cinikin a WhatsApp yake ƙarewa da "turo lambar asusu", wataƙila WooCommerce ya yi miki yawa. Kundin kaya na WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2019, yana ɗaukar kaya har 500. Akwai kuma irin su Bumpa da Selar, na 'yan Najeriya, da ke riƙe maka ɓangaren na'ura kai ka ji da ciniki, ko da yake nan ma rumfar wani ce, da dokokinsa da kuɗinsa. Ko kuma ɗan shafi guda marar nauyi, mai hotuna da farashi da maɓallin WhatsApp, wanda ko a masauki mafi araha zai buɗe kamar walƙiya.

Duk wanda za ka yi a ciki, ka duba kalanda. Masu hula da atamfa da turare sun san kasuwarsu tana goman ƙarshe na azumi da kwanakin kafin Babbar Sallah. Ba a sauya masauki ko a taɓa PHP a lokacin. A Sha'aban ake wannan aiki: ka adana kwafi, ka sauke shi a wayarka ko kwamfutarka, ka yi gyaran, sannan ka tura wa mutum biyar linkin, ɗaya a MTN, ɗaya a Airtel, ɗaya a Glo, wani a cikin birni, wani a Indabo ko Achika, kowa ya sa kaya a kwando ya je har wurin biyan kuɗi, ya faɗa maka daƙiƙa nawa ya ƙirga.